Sauyin yanayi ne ko kwata ce ta toshe? Me za mu tambayi ɗan takarar kansila?

Ɗan Unguwa, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Gardama ta ƙi ƙarewa a unguwarmu tsakanin magoya bayan 'yan takarar kansila biyu. Ɓangare ɗaya sun ce ruwan da ke shiga gidaje duk watan Agusta, da kwarin da ke cinye filaye, duk sauyin yanayi ne, hayaƙin Turawa ya jawo, sai a jira diyya daga waje. Ɗaya ɓangaren sun ce babu wani sauyin yanayi, 'yan siyasa ne suka samu wurin fakewa, kwata ce kawai ba a yashewa. Dattawa kuma sun ce ƙaddara ce, a bar zancen. Matasa za su zaunar da 'yan takarar a makarantar firamare. Wa ke da gaskiya, kuma me ya kamata a tambaye su?

Malamin Kimiyya

Wa alaikumus salam. Kowane ɓangare ya riƙe rabin zance. Ɗumamar duniya ba shaci-faɗi ba ce, aunawa aka yi. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon a sararin sama kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420. Ita da iskar miten da naitiros oksaid kamar bargo suke: rana ta gasa ƙasa, zafin ya tashi zai koma sama, su tare wani sashensa. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Inda abin ya taɓa mu shi ne, duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar riƙe ƙarin danshi kamar kashi 7 cikin 100. Sai ruwa ya riƙa zuwa a dunƙule kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke kuma har masara ta nannaɗe ganye.

Masu cewa ba mu muka jawo ba, kusan sun yi gaskiya. Hayaƙin kabon na Afirka gaba ɗaya bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Paris ta 2015 kan rage ɗumamar duniya, Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a 2021, a shekarar ce kuma aka yi alkawarin daidaita hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake shanyewa kafin 2060. A jiharmu manyan wuraren da maganar hayaƙi ta shafa su ne siminti a Ashaka, kwal a Maiganga, da man Kolmani idan aiki ya kankama. Shi siminti ko ba a lissafa makamashin da aka ƙona ba, gasa farar ƙasa kaɗai yana sakin kusan rabin tan na iskar kabon a kowane tan na kilinka, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. Amma ma'adinai da man fetur hurumin gwamnatin tarayya ne. Ɗan takarar kansilan da ya yi muku alkawarin rage hayaƙin duniya, ku ba shi ruwa ya sha ya koma kujerarsa.

Injiniyan Magudanai

Malam ya gama da sama, bari a sauko ƙasa. Gombe a kwari take, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma zuwa gabas, ƙasar kuma jigawa ce mai saurin zagwanyewa. Ku yi wannan lissafin a gaban 'yan takarar: rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50, yana zubar da lita 5,000, wato jarka 200 'yar lita 25. Gida ɗaya ke nan, a dare ɗaya. Da can wurin gona ne, ƙasa ta shanye mafi yawansa. Yanzu an kafa kwano, an shafe tsakar gida da siminti, an saka bututu ta ƙasan katanga an sako wa layi. Ko da yanayi bai sauya ba, unguwannin gangare za su sha ruwa. Da ya sauya, sai abin ya zama biyu.

Kwari ba daga ƙasa yake girma ba, da baya yake tafiya. Ruwa ya faɗo daga bakinsa, ya ƙwaƙule gindin gaɓar, saman ya rufta, bakin ya matso kusa da gidaje. Abin da ya fi haifar da sabon kwari shi ne magudanar kankare da aka gina rabi aka tsaya: ta tara ruwan layuka goma, ta ƙara masa gudu, ta sake shi a kan rairayi. Dole ƙarshen magudana ya kai rafi, ko a gina masa wurin karya ƙarfin ruwa da duwatsu. Zuba shara a bakin kwari kuwa ba ya tsayar da komai, ruwan farko zai kwashe ta ya kai wa kwalbatin maƙwabta.

Ƙaramin kwari wanda zurfinsa bai wuce tsayin mutum ba, unguwa na iya tare shi da shingen dutse a cikin ragar waya. Kada shingen ya haura mita 1. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya bi ta kai maimakon ya zagaye. A kutsa shi cikin gaɓa hagu da dama kamar rabin mita, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwan ke faɗowa. Guda ɗaya ba ya aiki, jere ake yi, kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama. Sai a dasa jema a layi a gicciye, tazarar santimita 10 zuwa 15. Babban kwari kuma ya fi ƙarfin kansila, aikin jiha ne.

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora magudanai da kwashe shara a kan ƙaramar hukuma, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ba ta kuɗinta kai tsaye. Don haka ku tambaya: wace magudana za a yashe kafin Yuni, kuma ina za a kai abin da aka yaso? Don idan aka tara shi a bakin kwata, aikin baban giwa aka yi. Dattawan da suka ce ƙaddara ce ba su yi ƙarya ba, amma Allah ya ce tashi in taimake ka.

'Yar Gandun Daji

Injiniya, an gaishe ka, amma kun tsallake inda siyasar ta fi zafi: itace da gawayi. Kowane ɗan takara zai ce zai dasa bishiya, tunda shirin Gombe Goes Green na 2019 ya sa abin ya shiga bakin kowa. Kada ku tambayi nawa zai dasa. Ku tambayi nawa za su kai Mayu da rai, wa zai ba su ruwa daga Nuwamba, wa zai yi musu keji. Dashe a Yuli ake yi, a rami mai faɗi da zurfin kamar rabin mita, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a cire leda. Wanda aka dasa a ƙarshen Satumba don ɗaukar hoto, abincin akuya ne.

Wanda ya ce zai haramta gawayi kuma, a tambaye shi da me za a dafa tuwo. Ramin gawayi na gargajiya yana cin kilo 5 zuwa 10 na ice kafin ya ba da kilo 1, kuma ƙirya da marke ake fara sarewa. Hani ba tare da madadi ba tsada kawai yake ƙarawa, a koma yi da dare. Murhu mai tattalin ice, da gonar ice ta dogon yaro mai sake toho bayan sara, sun fi doka aiki. A ƙauyuka kuma sassaben zamani ya fi dashe araha: a bar kututturen gawo ko kalgo ya toho, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, a datse saura. Da haka manoman Maraɗi da Damagaram suka mayar da bishiyoyi a miliyoyin hekta.

Ɗan Unguwa, Gombe

Allah ya ƙara ilimi, Malamai, Hajiya mun gode. Saura maganar diyya, don a nan suka kafe.

Malamin Kimiyya

An amince da kafa asusun asara da ɓarna a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Sham el-Shek ta Masar a 2022, amma ta hannun ƙasashe ake bi, ba a raba shi mazaɓa-mazaɓa. Shirin ACReSAL kuma, na farfaɗo da ƙasa da yaƙi da zaizaya, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, rance ne mai sauƙi daga Bankin Duniya, ba diyya ba. Abin da kansila zai iya shi ne ya kai kwarinku gaban ofishin shirin na jiha a rubuce, da hotuna, da tsawonsa da zurfinsa, da adadin gidajen da ke bakinsa. Ku kafa turke mita 10 daga bakin kwarin tun yanzu, ku sake aunawa a Oktoba, ku haɗa da takardar.