Moton layin Y na injin CNC ɗina yana cijewa idan rana ta take

Mai Sassaƙa, Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, da na haɗa da hannuna: allunan lantarki Arduino Uno da CNC Shield, direbobi A4988 (ƙananan allunan da ke ba motoci wuta), moton sitefa (mai juyawa taku-taku) NEMA 17 mai 1.5A, wuta 12V, da manhajar GRBL mai ba motocin umarni. Allunan suna da na ƙofar shago nake sassaƙawa a kan katakon MDF. Da safe lafiya lau yake aiki. Amma daga azahar, sai moton Y (X da Y su ne layuka biyu da injin ke bi a kan allo, kowanne da motonsa) ya fara gurnani yana karkarwa a wuri ɗaya, can ya ci gaba, amma ya riga ya ɓata lissafi. Haruffa su hau kan juna, allo ya lalace. Ina da aikin wata makarantar Islamiyya da zan miƙa ranar Asabar, kuma MDF ya yi tsada a Muda Lawal, ba zan iya ci gaba da asararsa ba. Moton ne ya mutu, in nemi wani?

Mai Gyaran Rediyo, Yelwa:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka sayi komai tukuna. Moton sitefa da wuya ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya jiran azahar. Zafi nake zargi. A4988 yana da kariya a cikinsa, idan ya yi zafi sosai yakan yanke wuta da kansa, ya ɗan huce ya dawo. Shi kuwa GRBL bai san an yi haka ba, babu abin da ke gaya masa moto ya tsaya, ƙirga taku kawai yake ci gaba da yi. Ga zafin Bauchi na watan Afrilu, ga rufin kwano.

Ka sauya direban X da na Y. Idan matsalar ta koma X, ka kama ɓarawonka. Amma don Allah ka kashe wuta kafin ka taɓa, kuma kada ka taɓa zare wayar moto alhali akwai wuta, nan take direba ke ƙonewa.

Sannan ka auna Vref, wato ƙarfin wutar da ke ƙayyade yawan amfiyar da direba zai ba moto. Baƙar wayar mita a GND, wato nagatif, ja a kan ɗan ƙarfen nan da ake murɗawa a jikin direban. Duba ƙananan resisto biyu da ke kusa da cif ɗin. In an rubuta R100, lissafin shi ne amfiya sau 0.8, wato 1.2V ne zai ba ka 1.5A cif. Ni ba na kai shi can, wajen 0.9V nake tsayawa. A4988 ba ya jure fiye da kamar 1A sai da ƙarfen shanye zafi da iska. Fankar tsohuwar kwamfuta 12V ce, ka ɗaura ta tana hura direbobin kai tsaye.

Kafinta, Fadaman Mada:
Maganar Malam gaskiya ce, amma ka duba ƙarfe ma. Kashe injin, ka juya sandar Y, wato sandar mai zare da moto ke juyawa, da yatsu daga farko har ƙarshe. Duk inda ka ji ta yi tauri, nan ne. Garin MDF idan ya haɗu da giris yana zama kamar ƙullu, ya toshe zaren sanda da boris. Goge da kananzir, ka sa mai kaɗan mara kauri. Kuma ka ja layi da alƙalamin maka daga sandar moto zuwa mahaɗinta, in layin ya rabu bayan aiki, ɗan sukurun ne ya saki.

Ɗalibin Injiniya, Gubi:
Yallaɓai, turo mana $111 da $121 naka, wato saitin GRBL na iyakar gudun Y da na saurin tashinsa da tsayawarsa. Ƙarfin moton sitefa yana raguwa ne yayin da gudunsa ke ƙaruwa, kuma a 12V raguwar tana zuwa da wuri. A4988 yana ɗaukar har 35V, saboda haka 24V zai taimaka maka sosai, sai dai fankar 12V ɗin nan kada ka haɗa ta da shi kai tsaye.

Mai Sassaƙa, Wunti:
Allah ya saka muku da alheri. Na sauya direbobin, yau da rana X ne ya cije, Y ko gezau. Resisto R100 ne, Vref na wannan direban 1.3V na samu, na sauke shi zuwa 0.9V, na ɗaura fanka. Sandar ma na wanke ta, Oga Kafinta, abin da ya fito daga ciki ba kaɗan ba ne. $111 yana kan 2000, $121 kuma 200.

Ɗalibin Injiniya, Gubi:
Tunda ka rage wutar moto, ƙarfinsa ma ya ɗan ragu, 200 zai iya yi masa yawa wajen tashi da tsayawa. Mayar da $120 da $121 zuwa 50, $110 da $111 zuwa 1000 ($110 da $120 su ne na X). Ka ɗaga bakin yanka sama, ka sa alama a inda ya fara, ka gudanar da aikin makarantar gaba ɗaya a iska da tsakar rana. In ya dawo daidai kan alamar, sai ka sa katako. Daga baya kana iya ƙara gudun da kaɗan-kaɗan.