Ƙwayar polima mai nuna cutar kansa, mai kuma kai magani

Ɗalibar_Famasi: Jama'a, kaina ya kulle. Yaya ƙwaya mai girman nanomita 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) za ta ɗauki magani, ta kuma nuna inda ƙari yake?

Malam_Kimiyya: Ƙanwata, ƙunshi ce. Ana cusa maganin kansa doxorubicin cikin polimar PLGA (wani abu kamar roba da ke narkewa a jiki) tare da burbushin ƙarfe da na'urar hoton jiki ta MRI ke gani. Jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, ta nan take kutsawa. Sannu a hankali polimar ta narke, maganin ya fito.

Mai_Tantama: Hmm. Ko a ɓeraye ma, wani nazari na 2016 ya nuna kimanin kashi 0.7 cikin ɗari na ƙwayoyin da aka sa a jiki ke isa ƙarin. Hanta da saifa ke kwashe da yawa.

Malam_Kimiyya: Shi ya sa ake lulluɓe ƙwayar da PEG, wata polima da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki, don ta daɗe cikin jini.

Ɗalibar_Famasi: Na gode, Malam. To PEG ɗin fa, jiki ba ya ƙin sa?