Akwai alherin da babu son kai a cikinsa kuwa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Wata magana ce ke yawo tsakanin ɗaliban jami'a a nan Sakkwato, wai babu mai yin alheri don wani. Wanda ya ba almajiri tuwo, ko dai yana son a ce yana da kyauta, ko yana son zuciyarsa ta huta, ko yana neman lada, ladan kuma shi zai ci. Mu ma ai muna cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Ina gaskiyar take, kuma yaya mutum zai gane nasa alherin wane iri ne?

Malamin Zaure, Kanwuri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Masu wannan magana sun zuba neman lada da neman yabo a ƙwarya ɗaya. Mai neman lada wajen Allah bai ɗora wa mabuƙaci bashi ba. Mai neman yabo kuwa sai an biya shi da godiya, in ba a biya ba abin ya koma gori. Shi ya sa aya ta 264 a Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, aya ta 9 a Suratul Insan kuma ta yabi masu ciyarwa da ba su neman sakayya ko godiya wajen wanda suka ciyar. Sama da wannan akwai fifita wani a kan kanka alhali kana cikin buƙata, halin da aka shaidi Ansaru da shi a aya ta 9 ta Suratul Hashri.

Ana auna niyya a wuri uku. Kafin bayarwa: da ba wanda zai sani, adadin zai ragu? Wajen zaɓar mai karɓa: wanda ya fi buƙata ka nufa, ko wanda zai iya rama maka? Na uku ya fi wuya, domin bayan kwanaki yake zuwa: ranar da mutumin ya wuce ka bai gaishe ka ba, me ka ji? In ka ji kamar an cuce ka, to akwai farashin da ka sa wa kyautar ba ka faɗa ba. Amma kada tsoron riya ya sa ka janye hannu. A gyara niyya, a ci gaba da bayarwa.

Hajiyar Arkilla:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara ta ɓangaren mata. Yawancin abin da yaran nan ke kafa hujja da shi ba sadaka ba ne tun asali. Gudunmawar biki ana rubuta ta a littafi, suna da adadi, in naki ya zo a maido miki da ƙari. Gayya ma haka, yau gonar wane, gobe taka. Adashi kowa ya san ranar kwasarsa. Duk ba ni gishiri in ba ka manda ne, kuma babu laifi, da su zumunci yake tsaye. Ɓarnar tana zuwa ne in an cakuɗa. Mace ta kai wa marainiya dubu 5 ta ce don Allah, amma a zuci ta rubuta a littafin biki. Shekara ta zagayo ba a maido ba, sai gaba. In rance ne a ce rance tun ranar, a faɗi lokacin biya.

Malamin Tsangayar Ilimi, Runjin Sambo:
Ƙanena, masana sun daɗe a kan wannan. A 1964 William Hamilton ya nuna dalilin da ya sa halitta ke sadaukarwa ga danginta: shaƙiƙai sun haɗa rabin ƙwayoyin gado, 'yan uba kwata, ɗan baffa kashi 1 cikin 8. A 1971 Robert Trivers ya bayyana taimakon cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin waɗanda ba dangi ba. Sai dai wannan bayani ne na yadda tausayi ya samo asali, bai ce komai a kan abin da uwa ke nufi sa'ad da ta hana kanta barci don jaririnta ba.

Wanda ya gwada niyyar kanta shi ne Daniel Batson a Amurka, a 1981. An sa ɗalibai mata kallon wata da ake nuna kamar ana jona mata lantarki, aka tambaye su ko za su karɓi wurinta. An ba wasu damar tashi su tafi ba tare da sun ci gaba da kallo ba. In don kai ka huta kake taimako, ficewa ta fi sauƙi. A cikin masu damar tafiya, waɗanda aka sa suka ji ita ba irinsu ba ce 2 cikin 11 ne suka yarda su karɓi wurinta. Waɗanda aka sa suka ji ita irinsu ce, 10 cikin 11. Adadin kaɗan ne, kuma wani masani, Robert Cialdini, ya yi jayayya da fassarar, amma ƙofa a buɗe take suka ƙi fita. Sannan jin daɗin da ke biyo bayan alheri ba ya nuna don shi aka yi. Da ba ka damu da yunwar yaron ba tun farko, ƙoshinsa ba zai faranta maka ba.

Ɗan Mabera:
Na gode. To Malam, masu raba abincin azumi suna sa hotuna a Facebook fa?

Malamin Zaure, Kanwuri:
Aya ta 271 a Baƙara ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta ga matalauta kuma ya fi. Malamai da yawa sun fi son a bayyana zakka ta farilla don kawar da zargi, a ɓoye ta nafila. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin jama'a dole ta nuna inda suka tafi: buhu nawa aka saya, a kan nawa, unguwa nawa aka kai. Hoton buhuna da rasit ya wadatar da wannan. Fuskar bazawara tana miƙa hannu ba ta cikin lissafi, kuma 'ya'yanta za su gani a wayar abokansu.