Shin Vim ya fi VS Code tsaro, ko kowa nasa yake yabo?

Ɗalibin Python:
Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ke nan ina koyon rubuta manhaja, kuma tun farko da editan rubuta manhaja mai suna VS Code nake aiki. Makon jiya wani yayana da ya daɗe a wannan sana'a ya leƙa kwamfutata, ya ga tulin ƙananan manhajojin ƙari da na girka wa editan, sai ya girgiza kai ya ce in da gaske nake in koma wani editan mai suna Vim, wai ya fi tsaro. Na gwada buɗe shi, amma ko fita daga cikinsa sai da na nemi taimako. Shin editan da mutum yake rubutu da shi yana da tasiri a kan tsaron aikinsa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na fi shekara 10 ina amfani da Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991 bisa tsarin vi na Bill Joy, kuma har gobe ina sonsa saboda sauƙinsa da saurinsa. Amma ba zan ɓoye maka ba, shi ne ya taɓa tona mini asiri.

Wata rana ina gyaran fayil ɗin config.php kai tsaye a kan sabar wani shafi da nake kula da shi, sai aka ɗauke wuta, intanet ya yanke. Al'adar Vim ce ya ajiye wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp domin a iya ceto aikin da ba a adana ba, kuma tunda ban rufe shi yadda ya kamata ba, fayil ɗin ya zauna a can. Matsalar ita ce sabar tana gudanar da fayil mai ƙarewa da .php ba tare da ta nuna abin da ke cikinsa ba, amma na .swp miƙa shi take yi ga duk wanda ya nema, ga kuma kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki ɓaro-ɓaro. Sai da na zauna ina duba rajistar masu ziyara na ga wani adireshi da ban sani ba ya sauke shi. A daren na sauya kalmar sirrin, kuma tun daga ranar na daina gyara komai a kan sabar da jama'a suke shiga. Emacs ma yana barin irin wannan kwafi mai alamar ~ a ƙarshe.

'Yar Zariya:
Ni a ganina yayan naka yana da gaskiya a kan ciwon, maganin ne ya kuskure. Duk manhajar ƙari da ka girka a VS Code tana aiki da irin izinin da kake da shi a kwamfutarka, wato tana iya karanta fayilolinka, har da mabuɗan SSH, waɗanda ake shiga wata kwamfutar daga nesa da su. Sai dai na Vim ma haka suke, kuma a 2019 an gano wani rauni a Vim ɗin kansa wanda buɗe fayil da aka shirya da mugun nufi kawai ya isa ya sa kwamfuta ta aiwatar da umarnin wani.

Ka tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara 2 yana ba da gudummawa har aka yarda da shi, sannan ya dasa mata ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse. Wani injiniyan manhaja, Andres Freund, shi ne ya bankaɗo ta, saboda ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Idan aka iya yin haka a manhajar da manyan tsarukan Linux suke ɗauke da ita, ina ga wata 'yar manhajar sauya launi da ba ka san mai ita ba? Ka cire duk wadda ba ka buƙata, kuma idan VS Code ya tambaye ka ko ka amince da masu babban fayil ɗin da ka sauko da shi, kada ka danna amincewa da ka.

Ɗalibin Python:
Na gode, Yaya, na gode, Malama. Maganar kalmar sirri ta tayar mini da hankali, domin na taɓa tura mabuɗin API, wato lambar sirrin da manhajata take amfani da wata hidimar intanet da ita, zuwa GitHub, shafin ajiye manhajoji, bisa kuskure, amma na goge shi washegari. Hakan ya wadatar?

Tsohon Hannu:
Bai wadatar ba ko kaɗan. Git, manhajar da ake tura aiki zuwa GitHub da ita, yana adana tarihin kowane sauyi, saboda haka mabuɗin yana nan a tsohon rubutun, kuma akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan mabuɗai a ma'ajiyoyin da suke a buɗe. Ka shiga inda aka ba ka shi yanzu, ka soke shi, ka karɓi sabo. Sabon kuma ka sa shi a fayil ɗin .env da ake ajiye bayanan sirri, ka rubuta .env da *.swp a cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, kafin ka sake tura komai.