Wa ya taɓa bin kogin Mosel da keken lantarki? Ina neman shawara

Ɗalibi_a_Bonn:
Salam 'yan uwa. Abokan karatuna sun shirya tafiya daga Trier zuwa Koblenz a nan Jamus a watan Satumba, kwana huɗu, wajen kilomita 200, wai keken lantarki za mu ɗauka haya. Rabona da tafiya mai nisa a keke tun ina sakandare, sannan abin da ya fi damuna yankin duk na giyar inabi ne ni kuma ba na sha, kar in je in zama saniyar ware. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske.

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je abinka, na bi hanyar nan bara. Yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce a bakin ruwa, kogin na ta lanƙwasa kamar maciji kana binsa, jiragen dakon kaya na wuce ka a hankali. Amma fa keken ba babur ba ne, sai ka taka feda injin zai taimaka ma, kuma da ka kai gudun kilomita 25 a awa ya sakar ma ƙafarka. Amfaninsa na gaske sai ka bar bakin kogi ka nufi kan tudu.

Ka tabbata kun tsaya a Bremm ka ga gonar Calmont. Wallahi ni ɗan manomi ne amma ban taɓa ganin an yi noma a jikin dutse mai tsayuwa haka ba, wani wurin gangaren ya kai digiri 65. Na ga wani dattijo yana hawa da akwatunan inabi a kan wani ɗan ƙaramin jirgi mai layin dogo ɗaya tal, na daɗe a tsaye ina kallonsa. Ƙasar duk falalen baƙin dutse ce, na taɓa da yamma na ji ɗumi, wannan zafin da dutsen ke riƙewa shi ke taimaka wa inabin Riesling ya nuna duk da sanyin ƙasar.

Maman_Biyu:
Ɗana ka kula da abu ɗaya tunda lokacin girbi za ku je. Za ka ga ana sayar da wani abu a bakin hanya mai suna Federweisser, fari-fari kamar kunun zaki ga daɗi a baki, to giya ce da ta fara tsima, saura kiris in saya wa yara ban sani ba, Allah ya sa na tambaya. Ka ce Traubensaft, shi ne ruwan inabi zalla, yawancin masu gonakin suna da shi kuma ba wanda zai kalle ka. Soyayyen naman nan nasu da ake kira shinizel ma galibi alade ne, ka tambaya kafin ka ci, in kun shiga Cochem akwai masu dona kebab.

Bakanike:
Cajarka kar ta rabu da jakarka, kullum da dare ka cire batir ka jona a masauki. Keken na da nauyi, wajen kilo 25, ɗaga shi a matakalar tasha ba wasa ba ne. Ka nemi wando mai soso, in ba haka ba rana ta biyu zama zai gagare ka.

Ɗalibi_a_Bonn:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama wannan na Federweisser ɗin da ba ki faɗa ba da na afka. Yaya, Bremm ɗin kafin Cochem take ko bayanta?

Tsohon_Direba:
Kafin Cochem, in daga Trier kuka taso. Ku yi sammako ku isa da hantsi.