Muhawara: A Toshe Duk Ramukan Bayan A-kori-kura, Ko A Bar Wa Ruwa Hanya?

Mai A-kori-kura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da na kawo, kuma a kanta nake tsaye: duk wanda ya sa wa bayan motarsa murfi yana son kayansa su tsira daga ruwa, ya nemi silikon ya bi kowace kafa ya toshe, har ramukan da ke ƙasan bodi. Nawa murfin na alminiyam ne, irin mai naɗewa ya shige cikin akwati a bayan gidan direba. Shekara biyu ke nan duk ruwan da aka yi sai na tarar da kwalaye sun jiƙe. Makon jiya na gaji, na toshe ko'ina. In babu ƙofa, ta ina ruwa zai shiga? Mai ja ya fito.

Mai Gyaran Bodi: Wa alaikumus salam. Malam, ina da ja, kuma don Allah kafin a sake yin ruwa ka je ka buɗe ramukan ƙasan nan. Masu ƙera motar ba mantuwa suka yi suka bar su ba, mafitar ruwa ce. Wanda ya shiga ta sama ta nan yake sauka. Ka toshe, ya kwanta a kusurwa, ya nemi inda fenti ya karce ko inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, sai tsatsa ta fara daga ciki. Bodin da ake kawo min ya huje yawanci ba a tsakiyar falle yake hujewa ba, a kusurwoyin gaba ne da ƙarƙashin shimfiɗar roba, inda laima ke kwana. Sannan wane silikon ka sa? Akwai wanda in ka matso shi za ka ji wani tsami ya daki hancinka. Wannan yana fitar da asid yayin da yake bushewa, kuma yana cin ƙarfen da ba fenti a kansa.

Mai A-kori-kura: Oga, ai kai da bakinka ka ce ta sama yake shiga. To saman ma na toshe. Me ya rage da zai kwanta?

Makanike: Saman ba ya tosuwa, Malam, nan ne gizo ke saƙar. Bodin a-kori-kura daban yake da gidan direba, a kan shasi aka ɗaure shi. In ka faɗa gargada da kaya, bangon dama da na hagu ba tare suke motsi ba, bodin yana ɗan murɗewa. Ƙofar baya kuma kullum a buɗe a rufe. Silikon ɗin da ya riƙe yau, bayan 'yan watanni zai saki ta gefe ɗaya ya bar kafar da ido ba ya gani, ruwa ya samu shiga ya rasa fita. Ka duba takardar da ta zo da murfinka. Mafi yawan kamfanoni cewa suke yi murfin yana kare kaya daga ruwa, ba sa alkawarin ko ɗigo ba zai shiga ba.

Kuma irin naka tun daga ƙira an san ruwa zai bi shi. Wanda ya zuba a kan murfin yana gangarowa ta cikin ƙarafan gefe, ya taru a akwatin da murfin ke naɗewa, daga nan tiyo biyu, ɗaya a kowace kusurwa, su fitar da shi ta ƙasan bodi. Tambayata: yaushe rabon ka cire tiyon nan ka hura su? Kuma da kake bin ramuka da silikon, ba ka haɗa da inda suke fita ba?

Tsohon Direba: Ku dakata, kada ku taru wa bawan Allah a ka. Maganarsa da gaskiya a ciki. Ku ruwa kuke gani, ni ƙura ce ta dame ni. Na yi shekaru ina bin hanyar da ba kwalta, kuma ko murfi ya rufu ruf, in na isa sai na tarar da kaya kamar an barbaɗa musu gari. Ruwa wata nawa ake yi a shekara? Ƙura kuwa kullum ce. Da na toshe ramukan ƙasa na ga sauƙi da idona. Wanda bai taɓa sauke kayan mutane sun yi futu-futu ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba.

Ɗalibar Injiniya: Baba, ban musa abin da ka gani ba, amma babbar ƙofar ƙura ba ramukan ƙasa ba ne. Mota in tana gudu, iskar da ta ratsa tana barin wani gurbi a bayanta inda matsin iska ya yi ƙasa, ƙurar da tayoyi suka tayar ta riƙa juyawa a wurin. Cikin bodin da aka rufe shi ma matsinsa ƙasa yake yi, saboda iskar da ke wucewa ta kan murfi tana zuƙo ta ciki. Sai ƙurar ta bi kafofin ƙofar baya, gefe biyu da ƙasa, ta shige. Ka tuna inda ta fi taruwa. Ba kusa da ƙofar baya ba ne? Shi ya sa a Ostareliya, inda suke da dogayen hanyoyin ƙasa, masu irin waɗannan motoci ke yin abu biyu: su zagaye ƙofar baya da roba, su kuma sa wata 'yar taga mai kallon gaba da ke cusa iska cikin bodi. In matsin ciki ya fi na waje, iska fita take yi ta kafofin, ƙura ba ta samun shiga.

Tsohon Direba: 'Yata, Allah ya ƙara basira, gaskiya ne a baya ta fi taruwa. Amma tagar nan taki, in kina bin bayan wata mota a cikin ƙura, me za ta cusa miki? Ai ƙurar na gaba za ta kwaso ta zuba miki. Na yarda da robar ƙofar baya, tagar ce ban yarda da ita ba.

Ɗalibar Injiniya: Nan ka kama ni, Baba. A jerin gwano sai an rufe ta, ko a sa mai matata. Amma ko ba taga, robar ƙofar baya kaɗai za ta rage maka mafi yawan ƙurar ba tare da ka kulle wa ruwa hanya ba.

Bari in ƙara wani lissafi don Malam Mai A-kori-kura. Bodin motoci masu ƙofa huɗu irin su Hilux da Ranger da D-Max kusan mita ɗaya da rabi ne tsawo, faɗin ma kusan haka. Ruwan sama mai zurfin santimita 1 a kan wannan fili ya haura lita 22, kuma kowace lita kilo 1 ce. Duk wannan ta tiyo biyu masu kaurin yatsa zai fita. In sun toshe, akwatin ya cika ya tumbatsa, kuma ba inda zai zuba sai kan kaya.

Hajiya Mai Jigila: Ni nawa mai laushi ne, na yadin roba da ake naɗewa da hannu, kuma na sha irin wannan wahalar, har na ɗauka ya tashi aiki. Ashe saki ya yi. Irin yadin nan zafi na miƙa shi, sanyi na tsuke shi, in ya saki sai tsakiya ta lotsa ruwa ya yi tafki, nauyin ya janye gefe daga maƙalinsa. A kan hanya kuma ka ji yana faf-faf, wannan kaɗawar ce ke yaga ɗinki. Akwai abin ƙara masa ɗauri a kowane gefe, na juya su daidai wa daida, ya miƙe, yoyon ya ragu sosai. Ban taɓa rami ko ɗaya ba. Kuskuren da na yi a baya shi ne shafa wa robobin gefe baƙin mai, wai don kada su bushe. Cikin ɗan lokaci suka kumbura suka yi laushi kamar danƙo, sai da na sauya su.

Tsohon Direba: Hajiya, mu dai tun muna yaran mota giris muke shafa wa roba.

Makanike: Baba, ya danganta da robar. Akwai wadda aka yi don zama cikin mai, kamar ta cikin inji. Ta bakin ƙofa da ta murfi yawanci irin da ake kira EPDM ce, tana jure rana da ruwa amma ba ta shiri da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai: giris, baƙin mai, kananzir, har basilin. Man silikon ake shafa mata, kuma shi daban yake da silikon na toshe kafa. Hanyar da murfi ke zamewa ma kada a sa mata giris, yashi yake kamawa ya zama kamar sanfefa. A wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ta bushe, a fesa irin man da ke bushewa.

Malam Mai A-kori-kura, ga abin da zan roƙe ka. Ka kwashe kaya, ka shimfiɗa kwali busasshe, ka rufe. Ka sa tiyon ruwa a hankali, ba injin wankin mota ba, don shi ko murfi lafiyayye sai ya cusa masa ruwa. Ka fara da gefe ɗaya, ka buɗe ka duba, sannan ka koma wani. Ka kuma sa 'yar takarda tsakanin murfi da roba ka rufe ka ja. Inda ta zare salin-alin, nan robar ba ta matse ba. Maɗauran ƙarafan gefe ma ka taɓa su da sifana, gargada na kwance su, amma kada ka matse har ƙarfen ya karkata, karkacewar ita ma kafa take buɗewa.

Mai Gyaran Bodi: Ƙari a kan wannan, ba kowace laima ce yoyo ba. In da safe ka ga ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin murfin ko'ina, alhali ba a yi ruwa ba, gumi ne. Alminiyam ya yi sanyi da dare, tururin da ke ciki ya kwanta a jikinsa. Bodin da aka toshe ruf ya fi yin haka, don iska ba ta zagayawa.

Mai A-kori-kura: Jama'a na dawo, na yi gwajin yau da yamma. Tiyon hagu cike yake da ganye da yashi, sai da na zura waya. Na dama kuwa ya lanƙwashe a bayan akwati, kuma bakinsa yana cikin ramukan da na cika da silikon da hannuna. Robar gaba, wadda ke tsakanin akwati da bangon bodi, ta ɓare kusan taƙi guda. Na kankare silikon ɗin ƙasa, na zuba ruwa a akwati na ga yana zuba ƙarƙashin mota ta gefe biyu. Amma ban janye duka ba. Ramukan da ke saman bango da na gefen ƙofar baya ba sa fitar da komai, shigo da ruwa kawai suke yi. Su a toshe za su zauna.

Mai Gyaran Bodi: A kan na sama ba mu da saɓani, Malam. Sai dai ka sa musu toshiyar roba da ake cirewa, ko gam ɗin bodi da ba ya cin ƙarfe. In za ka manna sabuwar robar gaba, ka kankare tsohon gam tas, ka goge da sifirit, wurin ya bushe, ka danna da ƙarfi. Irin tef ɗin manna roba na kamfanin 3M mai kauri sai ya yi awa 72 kafin ya gama kamawa, don haka ka ba shi kwana uku kafin wanki. Inda ka karce fenti wajen kankara kuma, ka shafa masa fenti yau, kada ka bari ya kwana biyu a buɗe.

Tsohon Direba: To ni dai na ƙasan nawa ba zan bar su a hangame ba a hanyar da nake bi. Zan cire silikon in sa toshiyar roba, in riƙa zarewa in sama ta haɗa hadari. Makanike, robar ƙofar bayan nan, a jikin ƙofar ake manna ta ko a jikin bodi?

Makanike: Ta gefe biyu yawanci a jikin bodi, Baba, daidai inda ƙofar ke zama in an rufe. Ka fara gwada guntu ka ga makullin yana kamawa ba tare da ka buga ƙofar ba. In sai ka buga, robar ta yi kauri, ka nemi wadda ba ta kai ta ba.