Nasiru zai shiga jirgin filafili daga Dakar: mi zai riƙa, mi zai kiyaye?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗan ƙanwata Nasiru, mai gyaran janareto da sola nan Sakkwato, ya samu wuri ga wani ƙaramin jirgin ruwa mai filafili, tsawon mita 12, na wasu Turawa mata da miji. Za su taso daga Dakar cikin Disamba, su shiga kogin Gambiya, su gangara Kasamans da ke kudancin Senegal, wataƙila har tsibiran Bijagos na Gine Bisau. Inji da wuta za shi riƙa musu. Na saka shi cikin zauren ga. Waɗanda sunka san ruwa ku ba shi shawara, amma ban da tsoratarwa, uwarshi na ganin abin da anka rubuta.

Kyaftin Umaru: Wa alaikumus salam Alhaji. Lokacin da sunka zaɓa ya yi. Daga Nuwamba zuwa Mayu rani ne a wancan gefen, iska na busowa daga arewa, mai gangarawa kudu tana bayansa. Daga Yuli zuwa Oktoba ne hadari ke tasowa daga gabas ba sallama. Matsalar Disamba da Janairu hazo ce, wanda ya fi mu saninta babu: tana rufe gaɓa, tana kwanciya kan farantin sola, sai ya riƙa gogewa kowace safiya da tsumma mai ɗan ruwan daɗi.

Dakar zuwa Banjul, a bakin kogin Gambiya, bai kai mil 100 na teku ba, kuma milin teku mita 1852 ne. Jirgi irin wannan mil 5 yake yi a awa, ke nan awa 18 zuwa 20, dole a kwana kan ruwa. Nasiru, a daren nan idonka ya zama kan kwale-kwalen masunta. Da yawansu ba su da fitila, sai ka matso su haska tocila, ga taru a shimfiɗe. In igiyar taru ta naɗe farfela inji ya tsaya cak, wani lokaci har ta lanƙwasa sandar farfelar.

Nasiru: Na gode Kyaftin. Gadin dare fa, yaya ake yi mutum uku?

Kyaftin Umaru: Awa uku-uku, ka yi uku ka kwanta shida. Duk minti 10 ka miƙe ka duba ko'ina har baya, domin babban jirgin dakon kaya da ka hango can ƙarshen gani zai iya cim maka cikin minti 20. Jar fitila gefen hagunsa take, koriya gefen dama. In kana ganin ja da kore lokaci guda, kanka ya nufo, tada kyaftin. Ba a jin kunyar tada kyaftin. Rigar ceto a jiki, igiyarta a maƙale da jirgi, kuma kada ka kuskura ka yi fitsari ta gefen jirgi da dare; wanda ya faɗa abokan tafiyarsa na barci, sai safe za su sani. Ka karɓi gadi minti 5 kafin lokacinka. Wanga ƙaramin abu shi ke sa a so mutum a jirgi, fiye da iya hira.

Baba Manu Basarke: Ɗana, ruwan teku ba ruwan Rima ba ne, shina cika shina janyewa sau biyu kowace rana, awa shida da 'yan mintoci kowane, kuma kullum shina jinkirin kamar minti 50. Lissafin watanmu za shi taimake ka: kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da bayan daren sha huɗu, nan ruwa ka cika ƙwarai ya kuma janye ƙwarai. Wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata shina lafawa. Cikin awa shidan kuma ba daidai yake tafiya ba, rabin ruwan duk cikin awa ta uku da ta huɗu yake motsawa. Bakin kogi irin na Kasamans akwai tudun rairai da ka sauya wuri, taswira ba ta cika faɗin gaskiya ba. Ku shiga da rana, ruwa na cikin cika. In kun dafe rairai, ruwan da ka zuwa shi za shi ɗaga ku. In kun dafe shina janyewa, jirgi ya kwanta ga haƙarƙari har awa shida ko fi.

Kyaftin Umaru: Baba ya gama magana. Sai anga, ƙugiyar da ke riƙe jirgi. Sarƙa ninki 4 na zurfin ruwa, in igiya ce ninki 7.

Baba Manu Basarke: Kyaftin, ranka shi daɗe, ninki 4 na wane zurfi? Nan yara ka kuskure. Su sauke anga ruwa ya janye, na'ura ta ce mita 4, su saki mita 16 su kwanta. Ruwa ya ƙaru da mita 2, ga tsayin goshin jirgi mita 1, zurfin gaskiya 7 ke nan, sarƙar ta koma ninki biyu da kaɗan, ta miƙe tsaye ta tumɓuke anga. Ni ninki 5 nika cewa, na ruwa cikakke: mita 35. Bijagos kuwa bambancin cika da janyewa ya kan wuce mita 4, a sake lissafi.

Kyaftin Umaru: Na karɓa Baba, na cikakken ruwa nike nufi. Ƙari: kada a zube sarƙa tsibi guda kan anga, a riƙa saki jirgi na ja baya. In ta ƙare a sa giyar baya a hankali, a ɗora tafin hannu kan sarƙa. Tana karkarwa, anga na jan ƙasa. Ta yi tauri shiru, ta kama. Sannan ka daidaita abu biyu a gaɓa, itace da hasumiyar masallaci misali, ɗaya bayan ɗaya. In sun rabu, jirgi na tafiya. Da dare farar fitila guda a sama.

Injiniya Sani: Nasiru, ɓangarenka. Injin dizal ne kamar na janareto, bambancin shi ne da ruwan teku yake sanyaya. Da ka tada shi leƙa salansa, in ruwa ba ya fita tare da hayaƙi cikin rabin minti kashe shi. Dalili biyu ne galibi: leda ko ciyawa ta toshe matatar ruwa, ko 'yar farfelar roba ta cikin famfo ta ƙone don ta juya a bushe. Riƙe guda 2 ko 3 da gaskit ɗinsu. In haƙoranta sun karye ka ƙirga su, ka nemo kowane guntu, in ba haka ba za su toshe bututun gaba inji ya ci gaba da zafi.

Na biyu mai. Dizal ɗin jarka yakan zo da ruwa da ƙasa, ga zafi da laima na sa wani baƙin yauƙi ya tsiro a gindin tanki. A ruwa kwance ba ka sani, sai taguwa ta girgiza tanki ya taso ya toshe filta, daidai bakin kogi inda ake buƙatar inji. Bar jarka ta kwana, tace da mazurari mai raga, kada ka juye ta har gindi. Filtar mai 4 aƙalla, bel 1, kuma ka koyi fitar da iska daga layin mai tun kuna Dakar. Injin ƙaramin kwale-kwalen da ake zuwa gaɓa da shi in mai haɗin baƙin mai ne, yawanci 50 da 1 ne, wato mililita 100 cikin lita 5 na fetur, amma duba abin da aka rubuta a jikinsa. Wutar jirgi kuwa, gishiri ke cin bakin waya, sai ta yi kore. Kafin ka zargi batir goge kawunan ka shafa musu man giris.

Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo gindin jirgi yake taruwa. A rufe daga kan tukunyar gas ɗin bayan kowane girki.

Hajiya Luba: Sannunku da ƙoƙari. Ni lafiya da ciki zan taɓa, don hankalin mahaifiyarsa ya kwanta. Katin rigakafin zazzaɓin shawara tare da fasfo. Sauron cikin itatuwan bakin ruwan gishiri da magariba yake fitowa, a sa raga a kowace taga kafin rana ta faɗi, a kuma tsaya nesa da gaɓa in da hali. Ya riƙe abin gwajin maleriya da cikakken maganin kwana uku, har na masu jirgin, domin su jikinsu bai saba ba. Can cikin kogin Gambiya akwai ƙudan tsando, yana son baƙi da shuɗin tufa, a sa masu haske.

Jiri da amai na kwana biyu ko uku na farko ba ciwo ba ne. Zauna a waje, kalli inda sama ta haɗu da ruwa, karɓi tuƙi in an ba ka, tauna citta. Ƙwayar jiri awa ɗaya ko biyu kafin tashi ake sha, bayan amai ya fara ba ta zama. In ka galabaita: lita 1 na ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Ruwan sha lita 3 a rana ga mutum guda shi ne ƙasa. Wanda aka ɗebo a ƙauye a ɗiga masa bilic marar ƙamshi, ɗigo 2 a lita, a jira minti 30. Kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar dodon koɗi da ke manne a saiwoyin itatuwan nan, tana yanka kamar reza, kuma rauni a laima saurin ruɓa gare shi, a wanke da ruwan daɗi da sabulu nan take.

Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo, zuma, yaji, duk a robobi masu murfi. Kilishi laimar teku na sa shi fumfuna, a ci shi da wuri. Kwali kada ya hau jirgi, ƙwan kyankyaso ke ciki.

Malam Bello: Nasiru, kada ka ƙarar musu da tanki wurin alwala, rigimar farko ke nan. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, abin da ya mutu cikinsa halal ne, hadisin na cikin Muwaɗɗa. Guga da igiya sun ishe ka, amma ɗaura igiyar ga jirgi, ba ga hannu ba. Alƙibla daga Dakar da Banjul wajen digiri 73 zuwa 74 ce daga arewa ta gaskiya, a kamfas ɗin jirgi za ta kama kusan 80. Ka tsaya in za ka iya, in taguwa ta hana ka zauna, jirgi in ya juya ka juya. Ƙasaru a tafiyar mil 48, in kun yi niyyar kwana 4 wuri guda ka cika. Maganar naman alade da giya cikin girki ka faɗe ta ranar farko da sakin fuska, kada ka bari sai an zuba maka.

Nasiru: Allah shi saka da alheri Malam. Zama da sauran masu jirage fa? An ce wuri guda ake taruwa.

Kyaftin Umaru: Eh, gaɓar Hann a Dakar, rafin Lamin kusa da Banjul, Karaban da Ziginshor a Kasamans. Kamar zangon fatake ne: yau jirgi goma, jibi uku, bayan wata ku sake haɗuwa wani kogi. Da sunan jirgi ake sanin mutum, to riƙe sunayen jirage a littafi tare da lambar masu su.

Ladubban ba su da yawa amma ana lura. Wanda ya riga sauke anga shi ke da wuri, in kun matsu ku ne masu tashi. Ka tuna ruwa na juyawa duk awa shida, kowane jirgi zai zagaya angarsa, maƙwabcin da ke nesa da la'asar yana iya zama a hancinku da tsakar dare. Ba a hawa jirgin mutum sai an ƙwanƙwasa jikinsa an ce bismilla, kuma takalmi a cire. Janareto ba da asuba ba, ba bayan isha ba, sauti na tafiya kan ruwa. Wurin ɗaure ƙananan kwale-kwale saki igiya doguwa don wasu su samu shiga, kada ka ɗaga injinka farfela ta huda robar wani. Rediyon VHF tasha ta 16 ta kira ce da neman ceto, ka kira a can ku koma wata tasha ku yi hira. In ka ga jirgin wani na jan anga ba kowa ciki, kira a rediyo, tara mutane ku je. Ba a jiran izini a nan.

Injiniya Sani: Kuma da an ji akwai mai gyara a matsaya za a yi ta zuwa. Raba biyu: duba na minti 15 da aron sifana zumunci ne, su ma za su ba ka filta ko bayanin mashiga. Aikin yini kuwa a yi ciniki kafin a kwance ƙusa, kuma da sanin kyaftin ɗinka, tunda lokacinka nasa ne. Abin da ka ara ka mayar ranar, masu shi na iya tashi da asuba.

Baba Manu Basarke: Da yamma su kan taru ga jirgi guda kowa da abin shanshi. Kada ka ƙi zuwa don giya, ɗauki butar shayi da kofinka. Mutanen Senegal da Gambiya ataya suka ce mishi, zubi uku. Ga ƙauye kuwa kai za ka fi masu jirgin sanin hanya: a fara gaida alkalo, shi ne mai gari ga Gambiya, a kai goro, sannan a tambayi ruwa ko kasuwa. In kana jin Fulfulde za ta yi maka rana, akwai Fulani duk yankin. Bijagos akwai tsibiran da ba a taka su sai da izinin dattawa. Can sama ga kogin Gambiya akwai dorina, kada ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, kuma ban da wanka.

Hajiya Luba: Alhaji, fasfonsa kada ya bar hannunsa.

Kyaftin Umaru: Hajiya, a nan sai an sassauta. Shiga kowace ƙasa ana ɗaga tuta rawaya, kyaftin ya kwashi fasfo duka da takardar sunayen mutanen jirgi ya kai wa jami'an shige da fice da kwastan. Ya karɓa don wannan, ya dawo da shi ranar. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza a Senegal da Gambiya har kwana 90, amma ya tabbata an buga masa hatimin shiga da na fita, in zai sauka kuma a cire sunansa daga takardar a gaban jami'i. Abin da ya fi fasfo haɗari rashin rubutu ne. Kafin ya bar Sakkwato a rubuta: albashi ne ko abinci da makwanci, wa ke biyan kuɗin shiga ƙasa, wa ke biyan tikitin komawa in an saɓa. Kwafi guda ya zauna wurin Alhaji.

Alhaji Garba: Wagga ita nika jira. Za a rubuta in sha Allah.

Injiniya Sani: Saura guda. In za su haura kogin Gambiya, akwai gadar Senegambiya kusa da Farafenni, wadda aka buɗe a 2019. Su auna tsayin sandar filafili daga ruwa har eriyar da ke samanta, su tambayi tsayin gadar a Banjul, su wuce ruwa na janye. Kuɗi kuma sefa a Senegal da Gine Bisau, dalasi a Gambiya, ya canza ƙanana tun a birni don ƙauye ba canji.

Nasiru: Na rubuta duka, Allah shi bar zumunci. Injiniya, zan turo maka hoton lambar injin in sun aiko, ka duba mini girman farfelar famfon da filtar da zan nema.